Daga Kakin Zuma Zuwa Tagulla: Yadda Maƙeran Swamimalai Ke Zuba Mutum-mutumi

A Swamimalai, wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Kaveri kusa da Kumbakonam, a jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, maƙerin tagulla ba ya fara aiki da wuta, ba ya kuma farawa da guduma. Abin da yake fara ɗauka shi ne tsagin ganyen kwakwa. Zai yanke shi daidai tsayin mutum-mutumin da aka ba shi aikinsa, sannan ya yi ta lanƙwasa shi yana karya shi gaɓa-gaɓa: nan fuska za ta ƙare, nan cibiya, nan gwiwa. Wannan tsagi suna ce masa odiolai, kuma har a gama aiki yana nan kusa da hannun maigida.

Mutanen nan ana kiransu sthapati, kuma zuriyarsu na danganta kansu da gwanayen da suka yi wa Sarki Rajaraja na ɗaya, na daular Chola, aikin babban haikalin Brihadisvara a Thanjavur, wanda aka kammala a shekarar 1010. Rubutun da ke jikin bangon haikalin ya lissafa mutum-mutumin ƙarfe fiye da 60 da sarki da iyalinsa da manyan fadarsa suka bayar, har da tsayin kowanne. Shekara dubu ke nan, amma hanyar aikin ba ta sauya sosai ba. Katafaren Nataraja, wato siffar abin bautarsu Shiva yana rawa, mai tsayin ƙafa 27 da nauyin kusan tan 18 da aka kafa a birnin Delhi lokacin taron G20 na 2023, a Swamimalai aka zuba shi, a hannun Radhakrishnan Sthapati da 'yan'uwansa.

Su masu wannan sana'a abin bauta suke ƙerawa bisa addininsu na Hindu, kuma zan faɗi abin da suka yi imani da shi yadda suke faɗarsa, ba don ina kira gare shi ba. Abin da ya ja ni ga maganar shi ne sana'ar. Zubi da kaki ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Da shi aka yi tagullar Igbo-Ukwu da ta Ife da ta Benin, kuma maƙeran fari da suka taɓa zuba ƙararrawa ko kayan adon doki za su gane kusan kowane mataki da ke ƙasa. Bambancin shi ne Indiyawa sun rubuta nasu ilimin, sun ƙidaya shi, sun haddace shi, shi ya sa jika yake iya fitar da abin da kakan kakansa ya fitar.

Ilimin da ake shiga da shi maƙera

Littattafan sana'ar gaba ɗaya ana kiransu Shilpa Shastra, da harshen Sanskirit aka rubuta su. Ba littafi ɗaya ba ne. Akwai Manasara da Mayamata da Shilparatna, akwai babin siffofi a cikin Brihat Samhita na Varahamihira tun ƙarni na 6, akwai kuma Manasollasa wanda Sarki Someshvara na uku ya rubuta a ƙarni na 12, inda ya bayyana zubi da kaki dalla-dalla. Wani lokaci lissafinsu kan saɓa, kowace zuriya kuma tana da wanda ta riƙe.

A cikin wani tsohon littafinsu mai suna Vishnudharmottara akwai hirar da ta nuna yadda suka ɗauki abin. Sarki Vajra ya je wurin malami Markandeya ya ce a koya masa sassaƙar mutum-mutumi. Malamin ya ce wanda bai san zane ba ba zai iya sassaƙa ba. Sarki ya ce to a koya masa zane. Aka ce masa zane ba ya yiwuwa sai da sanin rawa, rawa kuma sai da kiɗa, kiɗa kuma sai da waƙa. Ma'anar a aikace ita ce, wanda zai tsayar da jiki a tagulla dole ya san yadda nauyi ke komawa kan ƙafa ɗaya, yadda ƙugu ke karkata, yadda yatsu ke buɗewa. Ƙididdiga kaɗai gawa take fitarwa.

Kafin ya taɓa kaki, maƙeri yana karanta wasu baitoci da ake kira dhyana shloka. Kowane abin bautarsu yana da nasa baitin, wanda ya faɗi yawan hannuwansa, abin da ke kowane hannu, irin zamansa ko tsayuwarsa, irin kambinsa. Baitin nan shi ne takardar aiki. Ba a zaunar da mutum a gaba a kwaikwaye shi. Ana karanta baitin har siffar ta zauna a zuci, sannan hannu ya bi.

Mataki na farko: tsayar da tsayi, a raba shi

A nan ne zan fi daɗewa, domin duk wanda ya kuskure nan ya yi asarar kakinsa da ƙarfensa.

Tsayin mutum-mutumi ba ra'ayin maƙeri ba ne. Idan na ɗakin bauta ne, daga ginin ake ciro shi. Ƙa'idar Varahamihira ita ce a auna tsayin ƙofar ɗakin, a cire kashi ɗaya cikin takwas, a raba ragowar gida uku: ɗaya na dandamali, biyu na mutum-mutumin. Misali, ƙofa mai santimita 240, in ka cire 30 saura 210. Dandamali ya ɗauki 70, siffa ta ɗauki 140. Na tagulla da ake fita da su yawon biki sun fi ƙanƙanta, ana daidaita su da babban na dutse da ke kafe a cikin ɗaki. Bayan an sami tsayi, sukan yi wani lissafi da suke kira ayadi don su ga ko adadin mai sa'a ne a wurinsu. In bai yi ba, a ɗan ƙara ko a rage.

Yanzu sai rabo. Ma'auni biyu za ka riƙe: angula da tala. Angula asalinsa faɗin yatsa ne, tala kuma angula 12, wato tsayin fuska daga matsirar gashi zuwa haɓa, ko tafin hannu daga wuyan hannu zuwa kan yatsar tsakiya. Ɗora tafinka a fuskarka ka gani, kusan ɗaya suke. Sai dai dabarar ita ce, a aikin siffa angula ba shi da tsayayyen girma. Daga jikin abin da za a ƙera ake fitar da shi. Ka raba tsayin gida kaza, kowane gida shi ne angula na wannan aikin. Saboda haka mai tsayin taƙi ɗaya da mai tsayin bene duk tsari ɗaya suke bi.

Gida nawa za a raba? Ya danganta da darajar wanda ake siffantawa. Manyan allolinsu, Brahma da Vishnu da Shiva, ana yi musu babban tala goma, wato tala goma da ƙarin angula huɗu, angula 124. Manyan alloli mata 120. Na ƙasa da su tala tara, mutane tala takwas wato 96, Ganesha mai kan giwa kuwa sau da yawa tala biyar, shi ya sa yake fitowa gajere mai tumbi kamar yaro.

Tala tara, angula 108, shi ya fi sauƙin koyo, don haka da shi za mu gwada. Ka ce tsayin da kake so santimita 54 ne, ban da kambi da dandamali. Raba 54 gida 108, kowane angula rabin santimita ke nan. Sai ka yi alama daga sama zuwa ƙasa:

Fuska angula 12, a raba ta uku daidai: goshi 4, hanci 4, daga ƙarƙashin hanci zuwa haɓa 4.
Wuya 4.
Daga gindin wuya zuwa tsakiyar ƙirji 12.
Daga ƙirji zuwa cibiya 12.
Daga cibiya zuwa ƙarshen mara 12.
Cinya 24, gwiwa 4, ƙwauri 24, daga idon sawu zuwa ƙasa 4.

Haɗa su, 108 cif. A misalinmu fuska santimita 6 ce, cinya 12. Waɗannan su ne karye-karyen da ke jikin ganyen kwakwar nan. Kuma tsayi ɗaya ne kawai daga cikin awo shida da littattafan suka ambata. Akwai faɗi, akwai kauri, akwai kewaye, akwai tazarar da ke tsakanin gaɓoɓi kamar tsakanin hannu da ƙugu, akwai kuma awon da ake yi da zaren da aka ɗaura wa nauyi aka sako daga sama, irin na magina. Na tazara shi ne sabon hannu ya fi mantawa, alhali fankon da ke tsakanin damtse da haƙarƙari shi ke sa jiki ya zama kamar yana numfashi.

Mataki na biyu: tsayuwa da hannu da kamanni

Zaren tsakiya, wanda suke kira brahmasutra, yana saukowa daga tsakiyar kai zuwa ƙasa, da shi ake gane karkatar jiki. In ya ratsa hanci da cibiya ya faɗi tsakanin dugadugai biyu, tsayuwa ce miƙaƙƙiya, samabhanga, irin ta Vishnu mai nuna natsuwa da sarauta. In ƙugu ya ɗan goce gefe, abhanga. In jiki ya lanƙwasa sau uku, kai ya yi nan, ƙirji ya yi can, ƙugu ya dawo, tribhanga ke nan, tsayuwar da aka fi yi wa allolinsu Parvati da Krishna. In karkatar ta yi tsanani kamar ta mai rawa ko mai yaƙi, atibhanga. Abin lura a nan ba ado kaɗai ba ne. Tagulla tana da nauyi, in zaren tsakiya bai faɗo kan ƙafar da ke ɗauke da jiki ba, abin zai rinjaya.

Hannuwa magana suke yi. Tafi a buɗe yana fuskantar mai kallo, yatsu sama, yana cewa kada ka ji tsoro. Tafi a buɗe yatsu ƙasa, kyauta ce. Babban yatsa da manuniya sun kusa haɗuwa, an bar gurbin da za a soka fure na gaske lokacin biki. Nataraja, wato Shiva mai rawa, shi ne jarrabawar ƙarshe ga kowane maƙeri: hannu huɗu, na dama na sama riƙe da ƙaramar ganga mai siffar kalangu, na hagu na sama ɗauke da harshen wuta, na dama na ƙasa yana kore tsoro, na hagu na ƙasa ya ratsa ƙirji yana nuna ƙafar hagu da ke ɗage. Ƙafar dama tana take da wani wada mai suna Apasmara, alamar jahilci, zoben wuta kuma ya kewaye duka. Duk wannan nauyi a kan ƙafa guda.

Wajen siffar gaɓoɓi kuwa, ba su bi ta fiɗar jiki da ƙirga tsoka ba. Da kamance suke koyarwa, kuma ni a ganina babu hanyar koyar da yaro da ta fi wannan. Gira kamar baka ko ganyen darbejiya. Ido kamar kifi ko ganyen furen bado. Hanci kamar furen riɗi ko bakin aku. Wuya kamar ƙatantanwar teku mai layi uku. Kafaɗa kamar kan giwa, hannu ya sauko kamar dogon hancinta. Ƙugun namiji kamar na zaki, gangar jikinsa kamar fuskar saniya, faɗi a sama tsukakke a ƙasa. Cinya kamar gindin ayaba, gwiwa kamar ƙaguwa. Almajirin da aka ce masa ya yi gira kamar ganyen darbejiya ba ya bukatar wani dogon bayani, yana fita ƙofar gida zai ga malaminsa a rataye.

Mataki na uku: haɗa kaki, a gina siffa

Kakin zuma zalla ya yi laushi da yawa a ƙasa mai zafi. Ana narka shi tare da ƙaron itace, kusan daidai wa daida, a zuba man gyaɗa kaɗan. Rabon da aka fi ambata shi ne kaki huɗu, ƙaro huɗu, mai ɗaya. Ƙaro ke ba shi ƙarfi, mai ke sa shi biyayya ga yatsa. A tace haɗin da ƙyalle a cikin ruwan sanyi, a bar shi ya daskare.

Maƙeri yana zama a ƙasa, kaskon garwashi a gefe ɗaya, kwanon ruwa a ɗaya gefen. Garwashi na tausasa kaki, ruwa na ƙarfafa abin da aka gama. Gaɓa-gaɓa ake yi: gangar jiki da ƙafafu, kai, hannuwa, kayan riƙo, kowanne a gwada shi da ganyen awo, sannan a haɗa da ƙarfe mai zafi da ke narkar da bakin gaɓoɓin biyu su zama ɗaya. Dandamali daban ake yinsa, kuma in na yawon biki ne a bar masa huda ko zobba inda za a zura sanduna ko igiya don ɗauka a kafaɗa.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk gyaran da za ka yi, yi shi yanzu. Yatsar da ta karkace a kaki minti ɗaya ce gyaranta, a tagulla kuwa wuni ne, ko ma ba ta gyaruwa. Masana da suka duba tagullar zamanin Chola sun lura cewa yawancin adon, sarƙa da awarwaro da ninkin zane, tun a kaki aka gama shi, kurfi bai yi aiki da yawa ba bayan zubi. Na yanzu da yawa sukan bar adon sai an zuba su sassaƙa shi. Ana gane bambancin da ido: na dā layinsa mai taushi ne kamar ya tsiro daga fata, na baya kuwa kaifi gare shi. Ni dai na dā ya fi kwanta mini.

Kafin a rufe, sai a manna hanyoyin ƙarfe. Waɗannan sandunan kaki ne masu kaurin yatsa, ana haɗa su daga jiki zuwa hannuwa, daga hannu zuwa hannu, zuwa duk wani lungu da narkakken ƙarfe zai yi wahalar kaiwa. A baya ko a gindi a kafa babbar mazurara, da wata ƙaramar kafa da iska za ta fita. Sannan a auna nauyin kakin gaba ɗaya a rubuta, don da shi za a san yawan ƙarfe. Someshvara ya ce tagulla ninki 10 na nauyin kaki, azurfa 12, zinariya 16. Maƙeran yau suna lissafi tsakanin ninki 8 zuwa 10. Ka narka fiye da bukata. Ƙarfe ya ƙare ana tsakiyar zubi, aiki ya mutu.

Mataki na huɗu: rufi da yumɓu

Abin da ya tsayar da sana'ar nan a Swamimalai shi ne laɓon kogin Kaveri, wanda suke kira vandal. Laushinsa ya kai ya ɗauki zanen yatsa, kuma yana jure wuta ba ya tsagewa. Ana kwantar da siffar kakin a rigingine kan ƙyalle bisa yashi, a shafa mata shafin farko na lallausan laɓo da aka tankaɗe, a tura shi cikin kowane lungu da yatsa. Kumfar iska ɗaya da ta maƙale a nan za ta fito ƙurji a fuskar tagulla. In gaba ya bushe a juya a shafe baya, a bar bakin mazurara a buɗe.

Shafi na biyu ya fi kauri, an gauraya shi da yashi. Daga nan a ɗaure ƙunshin da waya ko siraran ƙarafa don kada nauyin narkakken ƙarfe ya fasa shi, a sake rufewa da shafi na uku. Kowane shafi sai ya bushe sarai kafin a ɗora wani. Ƙaramin aiki kwanaki, babba makonni. Wannan ƙunshi sunansa karu a harshen Tamil, kalmar da ke nufin ɗan tayi a ciki.

A kudancin Indiya abin bauta cike ake zuba shi, ba fanko a ciki. Dabbobin da ake ɗora su a kai da manyan ayyuka su ake yi wa ƙwallon yumɓu a tsakiya, a lulluɓe shi da kaki mai kauri daidai, a soke shi da ƙusoshi don kada ya motsa in kaki ya fita.

Mataki na biyar: fitar da kaki, narka, zubi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Awartaki, kaskon narki, gawayi, ramin binnewa, mutanen da za su kama, duk a tanade su tun jiya, domin wuta biyu za a hura lokaci guda.

Wuta ta farko ta ƙunshi ce. A jingine shi baki ƙasa, a kewaye shi da busasshiyar kashin shanu, a kunna. Kaki zai narke ya tsiyaye a cikin kwanon ruwa, a tara shi don wani aikin. A ci gaba da gasawa har yumɓu ya yi ja, hayaƙi ya daina fita daga bakin mazurara. Yanzu a ciki babu komai sai gurbin siffar. Abu biyu wannan gashi yake yi: yana korar sauran danshi, yana kuma sa ƙarfe ya gudu har cikin yatsu bai daskare a hanya ba. Danshi a cikin ƙunshi ba ƙaramin haɗari ba ne, narkakken ƙarfe in ya haɗu da ruwa tartsatsi yake yi ya watsu a jikin mutane.

Wuta ta biyu ta ƙarfe ce, a murhun da aka haƙa a ƙasa, dā da zugazugi, yanzu da injin hura iska. Haɗin da suka fi girmamawa shi ne panchaloha, ƙarfe biyar: jan ƙarfe, tutiya wadda ke shigowa ta cikin farar tagulla, dalma, azurfa da zinariya. Jan ƙarfe shi ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, azurfa da zinariya ɗan taɓawa ne kawai don albarka a wurinsu, kuma sau da yawa iyalin da suka ba da aikin su ke jefa zobe ko ɗan kunne a cikin kasko. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085, shi ake fara sawa, sai farar tagulla, dalma a ƙarshe. Dalma na sa ƙarfe ya yi gudu, ya kuma yi sauƙin sassaƙa. Amma guba ce, kuma bayan abin da ya faru da yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 babu mai bukatar a tuna masa. A yi narki a fili, nesa da yara da wurin girki, kada a share ƙurar gugar ta shiga cikin gida.

In duka biyu sun kai, a ɗauko ƙunshi da zafinsa a binne shi a rami baki sama, a danne ƙasa a kewayensa. A kwashe dattin da ke saman narkakken ƙarfe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: biyu su kama kasko da dogon awartaki, ɗaya ya tare datti a bakinsa da sanda mai tsumman buhu. A zuba siriri, a jere, ba tsayawa, har ƙarfe ya cika mazurara ya leƙo ta kafar iska. In kasko ɗaya bai isa ba, na biyu ya kama kafin na farko ya yanke. Tsaiko na ɗan lokaci kaɗan yana barin tabo inda ƙarfe biyu suka haɗu ba su narke cikin juna ba. Daga nan sai haƙuri. A bar shi a ƙasa ya huce da kansa, kwana ɗaya ko fiye gwargwadon girma. Wanda ya watsa ruwa don sauri zai tsaga aikinsa.

Mataki na shida: fasawa da gyara

Ana tono ƙunshin a fasa shi da guduma a hankali, kuma al'adarsu ta wajen kai ake fara fasawa, kamar yadda jariri ke fitowa. Tunda an fasa yumɓu, kaki kuma ya narke, ba za a taɓa samun biyu iri ɗaya ba. Abin da zai fito baƙi ne, da kaushi, sandunan hanyar ƙarfe sun cake shi ta ko'ina. A yanke su, a kankare ƙonannen yumɓu, a bi da magagari daga mai kaushi zuwa mai laushi, sai ƙananan kurfi don gashi da ado da farce. Ƙaramin rami a cike shi da ƙarfe iri ɗaya a daddale. Babban aibi a fuska kuwa, in na bauta ne, ba a karɓarsa, sai a narke a koma farko. Wanki da ruwan tsamiya ake yi, yadda iyayenmu mata ke wanke tasoshin tagulla, a goge har ya ɗauki ido, sannan a kafe shi a kan dandamalinsa.

Mai son ganin inda gwanintar ta kai, ɗakin tagulla na gidan tarihin gwamnati da ke Egmore a Chennai da gidan adana kayan fasaha na fadar Thanjavur su ne wuraren zuwa. Da yawa daga abin da ke can a ƙasa aka tono su, inda masu haikali suka binne su a lokutan yaƙi. Mai saye kuma ya sani dokar Indiya ta 1972 ta hana fitar da kayan tarihi da suka haura shekara 100. An sha sace na haikalin ƙauyuka. Nataraja da aka sace daga haikalin ƙauyen Sripuranthan sai a 2014 Ostareliya ta mayar wa Indiya da shi, labarin da duk wanda ya bi maganar tagullar Benin zai ji kamar ya san shi.

Buɗe ido

Abu ɗaya maƙeri yake bari bai gama ba: ƙwayar ido. Muddin ba a buɗe ta ba, a wurinsu abin ƙarfe ne kawai, ana iya taka shi da ƙafa a riƙe ana guga, ana iya kwantar da shi a ƙasan maƙera. Ranar da malaman haikali suka zaɓa, ana yi masa wanka, a kwantar da shi kan hatsi, a kewaye wurin da labule. Sthapati ya shiga da allura ko ɗan kurfin zinariya ya zana ƙwayar idon dama, sannan ta hagu. Sun yi imani kallon farko yana da ƙarfin da bai kamata ya faɗa kan mutum ba, don haka ake ajiye madubi a gabansa, ko zuma da man shanu, ko a kawo saniya da ɗan maraƙinta. Bayan haka masu bauta su karɓa da karatunsu, a yi wa maƙeri kyautar tufafi da girmamawa a sallame shi. Daga ranar, shi da ya murza hancin nan da yatsunsa, in ya zo haikali a layin masu ziyara yake tsayawa.